Takarda Ba Ta Yin Rakiya

Duk wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, a unguwar Dagmanet ta Agadez tsakanin babban fari na farko da na biyu, in ka ambata masa Mushe Illiya (Mushe shi ne yadda ake kiran malamin lakol), sai ka ga ya gyara zama kafin ya ba ka amsa. Wasu har yau in za su rubuta takardar neman aiki ko ta neman izini, sai sun ji muryarsa a bayan kunnensu tana cewa, “To, mun gaisa. Me ke tafe da kai?” Dogon mutum ne siriri, rawaninsa bai taɓa zama daidai ba, kullum da garin alli a hannun rigarsa da gemunsa. Yana zuwa aiki a kan wani keke da ya girmi ɗalibansa duka, kuma tun daga kwanar masallacin unguwa ake jin kukan keken, sai ajin da ke hayaniya ya yi tsit.

Ubansa Alkasum dillalin raƙuma ne a kasuwar dabbobi ta Agadez, irin wanda Buzu zai taso daga tafiyar kwana goma ya ce shi kaɗai zai kama masa igiya. Yadda yake ciniki daban ne da na sauran. Wasu dillalan da yabo suke farawa, su ce raƙumi ya fi iska gudu. Shi kuwa Alkasum sai ya dafa wuyan dabbar ya ce wa mai saye, “Wannan yana da taurin kai da safe, kuma ƙafarsa ta baya ta hagu ta yi ciwo bara.” Sannan ya buɗe bakin raƙumin ya nuna haƙora, sannan ya faɗi abin kirkin da ke jikinsa. Wanda ya ji aibi daga bakin dillali ba ya ƙara shakkar sauran maganar. Illiya ya taso yana kallon wannan har ya kai shekara takwas, mai unguwa ya rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai makarantar Nasara.

Shi ne ɗan fari, saboda haka Alkasum bai taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami “kai” ne, ko “wannan yaron”. Da ya zama malami sai ya koma “mai alli”. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu suka tarar. Illiya bai taɓa ɗaukarta da zafi ba, ko da yake wani lokaci in ya ji tsohon yana ƙwala wa ƙanwarsa kira, “Salamatu!”, yakan ji wani ɗan abu ya taɓa shi a ƙirji ya wuce.

Ajin ƙarshe yake koyarwa, na masu shirin jarrabawar sartifika. Lissafi da tarihi yana yin su yadda littafi ya ce. Amma darasin rubutu na ranar Talata, wanda littafi ke kira redaksiyo, shi “kasuwa” yake ce masa. Sai ya rufe ƙofa, domin a lokacin an hana yin Hausa a cikin aji, ya zaro wani abu daga aljihu ya aza a kan tebur: takalmi wari ɗaya, ko butar shayi marar murfi. Ya ce, “Wa zai sayar mini da wannan?” A fara yi da baki da Hausa har maganar ta tsaya da ƙafafunta, sannan a buɗe kaye, wato littafin rubutu, a zuba ta cikin Faransanci. Ya ce wanda bai iya shawo kan mutum da harshen uwarsa ba, harshen aro ba zai yi masa komai ba.

Wata rana wani Yahaya, sarkin surutun ajin, ya rantse cewa takalmin nan wani babban attajiri ne ya taka shi zuwa Makka. Aji ya fashe da dariya. Mushe ya bari suka gama, ya ce, “Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ka ce mini wari ɗaya ne, ka ce igiyarsa ta tsinke, sannan ka nemo mini mutumin da wari ɗaya yake nema.” Wani mako a rubuta wa uwa ta bari a je kallon bikin Bianou, wani mako a rubuta wa maƙwabci ya ɗaure akuyarsa. Ya taɓa sa su rubuta takarda ga korin Telwa, rafin garin da ke ƙafewa, suna roƙonsa ya kawo ruwa. Wayyo, zamani! Yara arba'in suna lallashin busasshen yashi da Faransanci, kuma kowa da gaske yake.

Babban yaƙinsa kuwa da wata ɗabi'armu ce ta mutanen Agadez. Mutumin garin nan in yana da buƙata wajenka, zai zo ya zauna. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi bisashe. Ya sha kofin shayi na farko da na biyu da na uku, ya ce, “To, dama gaisuwa ce,” ya miƙe. Kai kuma in ka san ya kamata, sai ka taka masa. Sai kun kai kwanar titi, ya juya baya rabi, yana kallon katanga, ya ce, “Af, dama akwai wata 'yar magana.” Nan ne za ka ji abin da ya fito da shi tun hantsi. In ba ka yi rakiya ba, haka zai koma gida da buƙatarsa a ciki. Ni ban ga laifin wannan ba, rufin asiri ne, kuma mun ji daɗinsa. Sai dai yaran sun kwaso shi sun kawo cikin takarda. Su cika shafi da gaisuwa da addu'a, su sa hannu, ba su nemi komai ba.

“Takarda ba ta yin rakiya!” haka Mushe yake faɗi yana buga tebur, garin alli na tashi. “Wanda zai karanta ta yana zaune a biro, wato ofis, da wasu ɗari a gabansa. Ba zai taso ya taka muku zuwa kwana ba. Abin da za ku faɗa a bakin ƙofa, ku sa shi a layin farko.”

A haka aka shiga shekarar 1984. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Makiyaya suka gangaro suka kafa bukkoki a gefen gari, raƙumin da a dā ake rantsuwa da shi ya zama ba mai tayawa. Ana bin layi a karɓi jar dawar taimako. Soja ke riƙe da ƙasa shekara goma ke nan, kuma a zamanin takarda in ta fito daga sama, ma'aikaci ba ya tambayar dalili, kayansa yake ɗaurewa.

Alkasum ya riga ya daina zuwa kasuwa shekara biyu kafin nan. Yana cewa ba abin da ya rage a can sai ƙashi da fata. Gaskiyar ita ce idanunsa sun tafi. Matarsa ta rasu tun a farin farko, Salamatu tana aure a Tchirozérine, mijinta na aikin gawayi a Anou Araren. Kowace safiya kafin ya hau keke, Illiya ne ke kama hannun tsohon ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka, ya naɗa masa rawani, ya zaunar da shi a zaure fuskarsa na kallon titi. Duk wanda ya wuce ya yi sallama, Alkasum ya gane muryar ya amsa da suna, har ya ƙara da, “Ka rame,” ko, “Wannan riga ta yi maka.” Unguwa duk ta sani, kuma ba wanda ya taɓa nuna ya sani. Shi ma ya san sun sani. A haka aka bar wa tsoho mutuncinsa.

Wata ɗaya da komawa makaranta, darekta ya kira Illiya ya miƙa masa takarda. Malamin ajin ƙarshe na Bilma ya kwanta ciwo, an mayar da Mushe Illiya can, ya kama aiki cikin kwana goma sha biyar. Ba wanda ya yi masa mugunta, yaran can ma 'ya'ya ne. Amma Bilma bayan hamadar Tenere take, kwanaki a bayan kamiyo, babbar motar kaya, cikin rairayi, tsoho makaho ba zai kai ba. Gidan Salamatu kuwa, Alkasum ya gwammace ya kwana a titi da ya zauna ƙarƙashin suruki. Zainabu matar Illiya za ta iya dafa masa abinci, amma surukuwa ba ta kai uban mijinta bayan gida. Darekta ya ce akwai hanya ɗaya, ya rubuta takardar roƙo, a bi da ita ta hannun mai duba makarantu har zuwa teburin sojan da ke sa hannu. Ya ƙara da cewa shi bai taɓa ganin wanda ya yi aka amsa masa ba.

Illiya ya yi kwana uku yana rubutu. Ya fito da shafi biyu na Faransanci mai santsi, wanda ko Bafaranshe sai ya sara masa. Ya nanata ta a ransa har ya haddace. Ranar Talata ta zo bai shirya komai ba saboda damuwa, aljihunsa ba takalmi ba buta. Sai ya ce bari ya nuna wa yara yadda manya ke rubuta roƙo. Ya cire sunaye, ya juye takardarsa a kan allo daga sama har ƙasa, ya koma gefe yana kakkaɓe hannu. In an bi ta gaskiya, yabo yake jira.

Takardar ta buɗe da “J'ai l'honneur”, ta jinjina wa shugabanni kan ƙoƙarin ciyar da talakawa, ta yi jimamin fari, ta tabbatar da cewa mai rubutun a shirye yake ya bauta wa ƙasa ko'ina aka tura shi. Can kusa da ƙarshe ta ambaci “wasu 'yan uzurori na gida”, sannan ta bar komai ga hikimar magabata.

Kadidia ce ta ɗaga hannu. 'Yar wani baduku ce, shekararta goma sha uku, tana zama a bencin gaba, bakinta ya fi basillar ubanta tsini.

“Mushe, me mutumin nan yake so?”

“Ki karanta da kyau mana.”

“Na karanta sau biyu. Ya gaisa, ya sha shayi kofi uku, ya tashi. Rakiya yake jira.”

Aji ya ɗauki dariya. Yahaya ya ce, “Ya ma ce ko'ina aka tura shi zai je. To a tura shi mana, Mushe, tunda shi ya roƙa!” Wani daga baya ya ce ba a nuna haƙoran raƙumin ba. Kadidia ta samu ƙarfi, ta ƙara da cewa, “Kuma ‘uzurori na gida’ mene ne? Akuya ce ta ɓata ko mutum ne ba lafiya? Wannan kunya ce ta kashe shi. Ni biyu bisa goma zan ba shi, don rubutun hannu.”

Sai da ta gama ta dubi fuskar malaminta. Labarin Bilma ya riga ya zaga unguwa, ita ma ta ji uwarta na faɗi. Nan take ta gane, ta sa hannu ta rufe baki. Dariyar ta mutu daga bencin gaba zuwa na baya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mushe ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗauki tsumma ya share shi tas. Ya ce, “Biyu bisa goma ma kin yi masa alheri. Ku fita hutu.”

Da azahar bai hau keken ba, tura shi ya yi har gida. Alkasum yana zaure ya ce, “Mai alli, yau dokinka bai yi kuka ba. Lafiya?”

Illiya ya zauna a gefen tabarma ya faɗa masa duka, tun daga takardar Bilma har abin da yara suka yi masa. Tsohon bai nuna mamaki ba, ashe ya ji maganar tafiyar tun kwana biyu daga bakin masu wucewa. Ya ce a karanta masa takardar da Hausa. Illiya ya karanta. Alkasum ya yi tsaki.

“Da wannan ka so ka yi ciniki? Ko tsohuwar akuya ba za ka sayar da shi ba. Ina aibin?”

“Baba, aibin ba nawa ba ne da zan faɗa.”

Wani mai jaki ya wuce ya yi sallama, tsohon bai amsa ba, abin da bai taɓa yi ba. Can ya kai hannu ya sassauta rawaninsa daga baki.

“Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” in ji shi. “Ɗauko alƙalami. In ba naka ba ne, ni nawa ne. Rubuta yadda na faɗa, kada ka sa masa zuma.”

Ga abin da ya faɗa, Illiya na juyawa da Faransanci. “Ni Alkasum, dillalin raƙuma, makaho ne. Shekara biyu ke nan ban ga tafin hannuna ba. Ina roƙo a bar mini ɗana a Agadez zuwa ƙarshen wannan shekarar karatu. Ina da 'ya tana aure a Tchirozérine, na ƙi zama gidan mijinta. Wannan taurin kaina ne, na faɗa kafin wani ya faɗa muku. Na san Bilma, na je ta sau tara da ayarin gishiri, na san yaranta ma suna buƙatar malami. Ban ce a hana su shi ba, na ce su ɗan jira. Ba na jin jiran zai yi tsawo.”

Ya tsaya yana numfashi. Illiya ya ce, “Shi ke nan, Baba?”

“Saura layi ɗaya. Rubuta: ba ni da mai kama hannuna sai Illiya.”

Shekararsa talatin da tara a duniya, ranar ce ya fara jin sunansa a bakin ubansa. Ya sunkuyar da kai ya rubuta, hawaye na zuba, yana kare takardar da hannun riga don kada tawada ta ɓaci. Tsohon ya ji shesshekar, ya kau da fuska wajen titi ya ce, “Mai alli, in ka gama ka kawo in dangwala yatsa. Rana na yi.”

Illiya ya ƙara layi huɗu nasa a sama, ya sa roƙon a layin farko, ya manna tambur na kan sarki, ya kai wa darekta. Washegari da sassafe, bayan wanka, Alkasum ya ƙi zama a zaure. Ya ce tunda an faɗa wa takarda, ba zai yiwu baƙo a biro ya riga maƙwabta ji ba. Ya miƙa hannu, ɗansa ya kama, suka fito titi a bainar jama'a, suka ratsa gari a hankali har kasuwar dabbobi. Mutane suna gaishe su kamar kullum haka ake yi. A kasuwa ya sa aka kai shi gun wani ramammen raƙumi, ya laluba bakinsa da yatsa, ya faɗi shekarunsa daidai. Tsofaffin dillalai suka yi ta dariya, wasu suna share ido da bakin rawani. Ranar Mushe ya makara, karo na farko a aikinsa.

Amsa ta zo ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. Layi biyu ce: an ɗage tafiyar zuwa ƙarshen shekarar karatu. Wasu sun ce sojan ya karanta takardar sau biyu ya tambayi ko wane ne wannan tsoho. Ni ban gani ba, ba zan rantse ba.

Alkasum ya cika maganarsa, kamar yadda ya saba. Ya rasu cikin bazara, a ɗakinsa, hannunsa cikin hannun ɗansa, wata biyu kafin ruwa ya dawo korin Telwa. Bai sake kiran sunan ba. Illiya ya kai ajinsa jarrabawa, ya ɗaure kaya, ya hau kamiyo zuwa Bilma shi da Zainabu. Ya yi shekara huɗu a can bai nemi a dawo da shi ba. Da ya dawo Dagmanet, duk shekara sai ya juye takardar farko a kan allo ya ce yara su yi mata kaca-kaca, ba ya faɗin mai ita, ko da yake iyayensu sun riga sun gaya musu. Ta biyun kuwa ba a taɓa ganinta a aji ba.

Kadidia ta girma ta zama malama ita ma, kuma daga bakinta na ji mafi yawan labarin nan. Ta ce wata la'asar, shekaru bayan ya yi ritaya, sai ga Mushe a ƙofar gidanta, ba keke, yana dogara sanda, yana taka ƙasa a hankali kamar mai gudun ƙaya. Ta shimfiɗa masa tabarma. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki da zafi. Ya sha kofi uku, ya ce dama gaisuwa ce, ya miƙe. Ta yafa gyale ta taka masa. Sai da suka kai kwana ya tsaya, ya juya fuska wajen katanga.

“Af, dama akwai wata 'yar magana.”

“Haba Mushe! Har yanzu sai an yi rakiya?”

“Ni ba takarda ba ne, Kadidia.”

Ya zaro wata tsohuwar takardar kaye daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki. Kwafin ta biyun ce da ya ajiye wa kansa. Ya ce idanunsa sun bi hanyar na ubansa, wata uku ke nan ba ya ganin rubutu, yana so ta karanta masa layin ƙarshe. Ta karanta da Faransanci yadda yake a rubuce. Ya girgiza kai.

“A'a. Da Hausa, yadda ya faɗa.”

Ta ce, “Ba ni da mai kama hannuna sai Illiya.”

“Sake,” in ji shi.

Ta sake. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce to, ya gode, ta koma kada yara su neme ta. Ba ta koma ba. Ta kama hannunsa, ya bari, suka bi titin Dagmanet a hankali har gida.